SUNA NA KAMFANI, ƊAKI NA MAI GIDA, BASHI NAMU

Jawabin da aka gabatar a taron 'yan kasuwa na ƙungiyarmu a Agege



Mai girma Sarkin Hausawa, Allah ya ja zamaninka. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Shugaban ƙungiya da 'yan kwamitinsa, iyayenmu dattawa, 'yan'uwa 'yan kasuwa manya da ƙanana, muna yi muku barka da zuwa, Allah ya saka da alheri.

Bayan haka, shugabanni sun ɗora mana nauyin mu yi magana a kan wata harka da ta shigo mana, wadda matasanmu suke ta rububinta. Ba don mun fi kowa sani aka zaɓe mu ba, sai don mun daɗe a bayan kanta, shekara talatin da ɗoriya ke nan, mun ga waɗanda suka hau, mun kuma ga waɗanda suka sauko. Harkar kuwa ita ce ta sayen sunan kamfani, abin da 'yan boko ke kira faranchayis. Wato ka biya wani kamfani kuɗi, ya ba ka izinin ɗaga allonsa a kan shagonka, ka yi fenti irin nasa, ka sayar da kayansa a kan ƙa'idarsa, har tsawon shekarun da kuka yanka. Duk wanda ya san gidajen abinci na Mr Bigg's, waɗanda suka fara a Marina a 1986, ya ga irin wannan tsari, domin da yawa daga rassansu mutane ne suka saya suna gudanarwa. Haka dilolin gidajen mai. Yanzu kuma abin ya sauko ƙasa-ƙasa, ya kai ga shagon gas, da na burodi, da na kaji da kifin firij, da na kayan waya.

To jama'a, ba mu zo mu ce harkar ba ta da kyau ba. Akwai waɗanda suka shiga suka ci riba, muna tare da su a wannan zaure. Abin da muka zo faɗa guda ɗaya ne tak. Wanda ya sayi sunan kamfani ya ɗaure kansa da igiya biyu, ɗaya a hannun kamfani, ɗaya a hannun mai gida, kuma waɗannan mutum biyu ba su san juna ba, ba ruwan wani da asarar wani. Idan igiyar kamfani ta shekara 5 ce, ta mai gida kuwa ta shekara ɗaya, to shekara huɗun da ke tsakani a wuyanka suke kai kaɗai.

Mu tuna yadda iyayenmu suka yi. Da suka sauka a nan Agege saboda goro, baƙo yakan sauka wurin maigidansa, a ba shi masauki, a ajiye masa kaya, dillali ya nemo masa mai saye. Ba takarda, ba lauya, baki shi ne hatimi. Abin ya yi aiki ne domin kowa ya san kowa, wanda ya ci amana kuma gobe sai ya haɗu da jama'a a masallaci, maganar ta kai gaban Sarki. Amma shagon bakin titi da kamfani ke so ka kama yau, mai shi ba ɗan zango ba ne, Sarkinmu ba shi da iko a kansa. Mun ɗauki tsarin cikin gida mun fita da shi waje, shi ya sa muke shan kashi.

Bari mu ba ku labarin wani ɗan'uwanmu. Ba za mu kama suna ba, shi ma ya yafe mana mu faɗa don wasu su tsira. Wannan bawan Allah da tebur ya fara, ya yi shekara 15 yana tarawa. Sai ya ji labarin wani mai shagon kayan firij na wani kamfani zai sayar, wai zai koma garinsu. Shago a bakin hanya, ciniki kamar a bakin ƙwarya, mun gani da idonmu. Aka yi ciniki, kamfani ya yarda, aka sake takarda da sunansa ta shekara 5. Ranar da aka je gaida mai gidan, da mu aka je. Wani dattijo ne Bayarabe, mutumin kirki ƙwarai, ya ba mu kujeru, ya sa aka kawo lemo. Da aka taɓo maganar takardar haya sai ya yi dariya, ya dafa kafaɗar yaron ya ce ai ɗansa ne, ya zauna har ya gaji. Mu kuma muka ji kunya, muka ce Baba ya gama magana. Muka sha lemo, muka yi addu'a, muka tashi.

Wata 14 da yin haka Baba ya rasu. 'Ya'yansa suka taru, wasu daga ƙasashen waje, suka yanke shawarar ba wani mai gini gidan ya rushe ya tayar da bene. Da aka duba, rasit ɗin haya duk da sunan tsohon mai shagon ake rubutawa, shi kuwa ya yi nisa, wayarsa ma ba ta shiga. Magada suka ce su ba su san wannan mutum ba. Da ƙyar, da roƙo da sa bakin dattawa, suka ba shi 'yan watanni ya kwashe.

Sai ya garzaya wurin kamfani yana zaton za su tsaya masa. Suka buɗe takarda suka nuna masa inda ya sa hannu: izinin da suka ba shi na wannan shago ne kaɗai, in zai tashi sai sun ga sabon wuri sun amince. Ya samo wani, suka ce lungu ne. Ya samo na biyu, suka ce ya yi kusa da wani wakilinsu. Kafin ya samo na uku wa'adin da suka ɗiba na rufe shago ya cika, suka zo suka ɗauke firij da allo, suka zaftare abin da suka zaftare daga kuɗin ajiyarsa. Tayil da silin da wayoyin wuta da ya zuba, katafila ta bi ta kansu. Ƙarshenta gonar gado ya sayar a gida ya biya masu binsa. Yau ya koma tebur.

Jama'a, wa za mu zarga? Baba bai yi ƙarya ba, har ransa ya faɗa, sai dai alkawarin baki tare da mai shi ake binne shi. Magada haƙƙinsu suka bi. Kamfani takardarsa ya bi. Laifin namu ne, mu manya da muka raka shi, muka bar kunya ta rufe mana baki a ranar da ya kamata mu yi magana. Shi ya sa muka karɓi wannan jawabi da hannu biyu.

Yanzu mu yi lissafi, don ɗan kasuwa da lissafi yake ganewa. Misali ne kawai, kowa ya sa nasa adadin. Mu ɗauka kuɗin shiga da kamfani zai karɓa naira 2,000,000 ne. Gyaran shago yadda suke so, da fenti da kanta da tayil, naira 3,000,000. Kuɗin ejan da na lauya, naira 400,000. Jimla naira 5,400,000. Wannan kuɗi ba kaya ba ne da za ka ɗaure a mota ka tafi da shi, ya shiga bango, ya shiga aljihun mutane. In ribarka tsantsa, bayan haya da albashin yara da man janareto, naira 150,000 ce a wata, sai ka yi wata 36 kafin ka mayar da shi. Shekara uku cif kana aikin cike rami, sai a ta huɗu za ka fara ci. To wanda ke riƙe da hayar shekara ɗaya, ina ya samo tabbacin sauran biyun, balle na cin riba? Mai tebur in an tashe shi ya ɗauki teburinsa ya matsa gaba. Mai sunan kamfani ba shi da wannan gata.

Hayar da ba ta da tabbas iri-iri ce, za mu kawo guda biyar waɗanda muka fi gani.

Ta farko, hayar baki, wadda muka riga muka ba da labarinta.

Ta biyu, haya a kan haya. Wanda ya ba ka shagon shi ma ɗan haya ne. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta hana ɗan haya miƙa wuri ga wani ko sa wani a ciki ba tare da rubutaccen izinin mai gida ba, sai fa in yarjejeniyarsu ta ba shi dama. Ranar da hayarsa ta mutu, taka ta bi ta. Duk mai sayar maka da shago ya ce kada ka damu da ganin mai gida, to nan ne abin damuwar yake.

Ta uku, gidan gado. A al'adar Yarbawa akwai gidan dangi wanda ba na mutum ɗaya ba ne. Akwai shugaban dangi da suke kira olori ebi, akwai kuma manyan gida. Ma'amala a kan irin wannan gida in babu hannun shugaban dangi ba ta tsayawa a kotu, in kuma shi kaɗai ya yi ba da yardar manyan gidan ba, suna iya zuwa su nemi a warware ta. Sau nawa muka ga wani ɗa ya karɓi kuɗin shekara biyu, bayan wata uku yayansa ya ɓullo da nasa rasit?

Ta huɗu, shagon da ke kan hanyar gwamnati. Tun dokar filaye ta 1978, ƙasa a hannun gwamna take, yana kuma da ikon karɓe wuri don amfanin jama'a. Ba labari za a ba mu ba. Gadar Pen Cinema da aka fara a 2017 aka buɗe a 2021, kowa a nan ya san gine-ginen da suka tafi saboda ita, da shagunan da suka yi shekaru ƙura na rufe su ba mai shiga. A Janairun 2016 aka rushe kasuwar Owonifari a Oshodi. Kasuwar Tejuosho ta ƙone a 2007, da aka sake gina ta kuɗin shago ya fi ƙarfin da yawa daga tsofaffin masu ita. In an zo maganar diyya kuwa, takarda ake tambaya. Shagon da aka ƙara a gaban gida, a kan kwata ko ƙarƙashin babbar wayar wuta, komai cinikinsa, zaman jiran katafila yake.

Ta biyar, hayar da ke da takarda amma ba ta ce komai a kan ƙari da sabuntawa ba. Ita ce ta fi yaudara, don kana ganin kana da hujja. Ka gyara wuri, ka jawo masa jama'a, shekara na cika mai gida ya ninka kuɗi, domin ya san ka zuba dukiya ba ka iya tashi. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 naira kuma ta faɗi, wane ne a cikinmu bai ga irin wannan ƙari ba? Da gyaranka aka ɗaure ka.

Wani zai ce ai akwai doka, ba a tashin mutum haka kawai. Gaskiya ne, kuma ya kamata mu san haƙƙinmu. Dokar nan ta 2011 ta ce in ba a rubuta wani wa'adi dabam a yarjejeniya ba, mai biyan wata-wata notis ɗin wata ɗaya ake ba shi, mai biyan wata uku ko wata shida notis ɗin wata uku, mai biyan shekara kuma wata shida. Bayan nan sai notis na kwana 7, sannan kotu. Mai gida ba shi da ikon cire maka rufi ko ƙofa, ko ya turo 'yan daba, laifi ne babba. Wajibi ne kuma ya ba ka rasit. Amma ku lura da abu biyu. In takarda ta yanke ranar ƙarewa, ranar na cika ba sauran wata shida, kwana bakwan nan ne kawai. Sannan ko wata shidan ka samu, me zai yi wa mai buƙatar wata 36? Doka tana ba ka lokacin kwashe kaya ne, ba ta mayar maka da jari.

Akwai wata gaɓa a dokar da yawancinmu ba mu sani ba. In ɗan haya ya yi gyara da rubutaccen izinin mai gida tun kafin ya fara, sannan mai gidan ya tashe shi, yana da damar neman diyyar gyaran. Kalmar a nan ita ce rubutacce. Da ɗan'uwanmu ya riƙe irin wannan 'yar takarda, da sunansa kuma a rasit, da bai fita hannu rabbana ba. Wannan dokar Legas ce, a Legas ɗin ma ba ta shafi Apapa da Ikoyi da Victoria Island da Ikeja GRA ba. 'Yan'uwanmu na Sabon Ibadan da Shagamu da Abekuta su tambayi ta jiharsu. Dokoki kuma ana yi musu gyara, don haka lauya shi zai faɗa maka wadda ke aiki ranar da za ka sa hannu.

Mu da muka zauna gaban malamai ma ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A babin haya an karantar da mu cewa sai an san kuɗi, an san wa'adi. An hana mu cinikin garari, irin sayen kifi yana cikin ruwa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Saboda haka neman takarda ba rashin yarda ba ne, ba kuma rashin kunya ba ne. Kariya ce gare ka, kariya ce ga mai gidan da 'ya'yansa.

To mene ne abin yi? Ga shawarwarinmu.

Na ɗaya, a fara da ɗaki kafin suna. Kada ka ba kamfani ko sisi sai maganar shago ta zauna. In sun matsa, a rubuta cewa in haya ba ta tabbata ba za su mayar maka da kuɗinka.

Na biyu, igiyoyin nan biyu su zo daidai. In takardar kamfani ta shekara 5 ce, nemi hayar shekara 5. Ba wai ka biya duka a dunƙule ba, ana iya rubuta wa'adi mai tsawo ana biya shekara-shekara. In mai gida ya ƙi, a rubuta maka haƙƙin sabuntawa, a kuma faɗi iyakar ƙarin da zai yi da lokacin da zai yi shi. Hayar da ta wuce shekara uku tana da ƙa'idojin rubutu da rajista na musamman, wannan aikin lauya ne.

Na uku, ka san mai gidan na ainihi. Ejan ba mai gida ba ne, mai kula da gida ba mai gida ba ne. A ga takardun gida, lauya ya bincika a ofishin filaye da ke Alausa. In gidan dangi ne, shugaban dangi da manyan gida su sa hannu. Ka kuma zauna da maƙwabta, mai shayi da mai facin taya na bakin layi sun san gidan da ake shari'a a kansa da wanda aka shafa wa jan fenti.

Na huɗu, lauyanka ya zama naka. Wanda mai gida ya kawo, ko da kai ka biya kuɗin, mai gida yake wa aiki. Muna ƙyashin ba lauya dubu ɗari, mu je mu yi asarar miliyan biyar.

Na biyar, a karanta maka takardar kamfani da Hausa, layi-layi, ka yi tambaya huɗu. In an tashe ni, kuna ba ni damar komawa wani wuri, kuma cikin wata nawa? Zan ci gaba da biyanku alhali shago na rufe? Kuɗin ajiyata fa, me ake cirewa? In mun rabu, an hana ni sayar da irin wannan kaya, har tsawon wane lokaci? Amsar da manajan talla ya ba ka da baki yana murmushi, in ba ta cikin takarda, ɗauka ba a yi ta ba. A duba rajistar kamfanin a hukumar CAC, ka kuma nemi mutum biyu ko uku da suka taɓa riƙe wakilcinsa suka bari, ka ji dalili.

Na shida, in shago mai ci za ka saya a hannun wani, tambayi kanka me ya sa mai kaza mai ƙwai zai sayar da ita. Wataƙila gaskiya ne gida zai koma. Wataƙila kuma ya ji ƙishin-ƙishin ɗin da kai ba ka ji ba. Ku je gaban mai gida ku uku, a kashe tsohuwar haya, a buɗe sabuwa da sunanka, rasit ya fito da sunanka.

Na bakwai, kada ka zuba duk abin da ka mallaka. Mu baƙi ne a nan komai daɗewarmu, mun ga abin da ya faru a Mile 12 a 2016 da kasuwar Shasha ta Ibadan a 2021, Allah kada ya maimaita. Jarin da aka manna a bangon wani ba ya gudu da mai shi. Gonar gida da kuɗin marayu da adashin matan gida, waɗannan a bar su inda suke.

In kuma rigima ta riga ta ɓarke, kada a yi faɗa, kada a daina biyan haya don fushi, domin bashin haya shi ne babbar ƙofar da ake bi a fitar da mutum. Ma'aikatar Shari'a ta Legas tana da ofisoshin sulhu da ke sasanta masu gida da 'yan haya kyauta. A fara da can.

A ƙarshe muna da roƙo ga shugabanni. Muna da 'ya'ya da suka yi karatun lauya, muna da dattawan da suka san kowane layi a garin nan da tarihin gidajensa. A kafa ɗan kwamiti na mutum biyar, duk ɗan ƙungiya da zai kama shago mai tsada ko zai sayi wakilcin kamfani ya kawo takardunsa a duba kafin ya biya. In za a je gaida mai gida, a tafi da mutum ɗaya wanda aikinsa kawai shi ne ya yi tambayar da sauran ke jin nauyin yi. Mu da bakinmu mun ɗauki wannan aiki in an ba mu, ko ma rage bashin da ke wuyanmu na ranar da muka sha lemo muka yi shiru.

Matasa, mun san zafin nema, mun san daɗin ganin allo mai haske a kan shagon mutum. Ba mu hana ku ba. Amma in an ce ku biya yau, gobe wani zai ɗauka, ku ce ya ɗauka. Rabon mutum ba ya wuce shi, da muguwar rawa kuwa gara ƙin tashi.

Abin da muka faɗa daidai Allah ya amfane mu da shi, inda muka yi kuskure a gafarce mu, masana kuma su gyara mana. Allah ya sa albarka a kasuwanninmu, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, ya mayar wa ɗan'uwanmu da mafificin abin da ya rasa. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.